Farar giyar inabi da abokan tafiyarta a teburin Faransawa

A shekarar 2010 hukumar UNESCO ta sanya tsarin liyafar Faransawa cikin jerin al'adun da duniya ta gada, kuma cikin ginshiƙan wannan tsari har da sanin wace giyar inabi ke tafiya da wane abinci. A wurinmu da addini ya haramta giya, ba maganar sha ake ba. Abin nazari shi ne yadda al'umma ke ɗaukar abin da ta samu a ƙofar gida ta mai da shi doka.

Farar giya marar zaƙi ita ce wadda aka bari ta tsimu har yis ya cinye kusan duk sukarin inabin. A ƙa'idar Tarayyar Turai, abin da ya rage yawanci ba ya wuce giram 4 a lita. Da zaƙi ya kau sai tsami ya fito fili, kuma a kansa aka gina komai. Aikinsa yanke maiƙo da sassauta gishiri, kamar dai lemun tsami a kan soyayyen kifi.

Kusa da birnin Nantes, inda kogin Loire ke gab da faɗawa teku, muku-mukun sanyin 1709 ya kashe kurangar inabi, manoma suka rungumi wani iri mai jure sanyi, Melon, wanda da shi ake yin giyar Muscadet. Teku kuwa ga ta nan kusa. Ana kawo kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu, a jere bisa niƙaƙƙiyar ƙanƙara, an ɓare ta, ruwan gishirin teku na kwance cikin ɓawon, a zuƙe ta ɗanya. Giya mai nauyi danne ta za ta yi. Muscadet ba ta da ƙamshin da zai yi mata kishiya.

Can sama a kogin, labarin garin Sancerre ya fi tona asirin al'adar. Kafin ƙwaron filoksera ya cinye gonakin inabin Faransa a ƙarshen ƙarni na 19, jar giya ce ta fi yawa a yankin. Bayan annobar ne aka cika tuddan da farin inabin Sauvignon blanc. A ƙauyen Chavignol da ke nan gefe, mutane na kiwon awaki suna yin ɗan dunƙulen cuku mai kimanin giram 60, mai tsami shi ma. Yau masana na kiran haɗin cukun da farar giyar Sancerre aure na har abada, alhali ƙwaro ne ya ɗaura shi.

Ba duka ba ne camfi. A 2009 masu bincike a Japan sun nuna cewa sinadarin ƙarfe da ke cikin giya, wanda sau da yawa ya fi yawa a jar giya, shi ke tayar da ƙarni a baki idan ya haɗu da naman teku. Ke nan tsohuwar dokar haɗa farar giya da kifi tana da tushe.

Inda dokar ke gazawa shi ne abinci mai yaji. Barasa na ƙara rura zafin barkono, don haka su kansu masanan sukan koma ga giya mai ɗan zaƙi. Ƙa'ida ce da aka yanka daidai da girkin man shanu, kifi da cuku, kuma ba ta da ta cewa a gaban miya mai attaruhu.