Gwanintar Jawo Ɗan Kallo Cikin Wasa

A 2018 ƙungiyar teamLab ta buɗe wani gidan kallo a birnin Tokyo na ƙasar Japan, inda ɗaruruwan na'urorin majigi ke zuba hotuna a bango da daɓe, wasu na'urorin kuma suna lura da motsin mutane. Ka taɓa bango, zane ya sauya. Ka tsaya, ruwan da aka haska ya raɓe ka ya wuce. Duk wanda ya shiga, da shi ake wasan.

Tun kafin wannan zamani, gwanayen Zariya sun kama bakin zaren da ƙasa da ciyawa. A 1975 Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, sai Steven Ehrlich, Ba'amurke mai koyar da zanen gini, ya tsara masa dandali a Samaru, magina na gargajiya suka ɗaga shi. Fasalinsa na gidan Bahaushe ne, irin wanda ake gani a ƙauyukan Bici: zagayayyun ɗakuna masu jinka, katanga ta haɗa su, tsakar gida a tsakiya.

Hikimar tana cikin wannan fasali. Babu labule, babu wurin da aka ce nan kaɗai ne na 'yan wasa. Yau a yi wasa a tsakar gida jama'a su kewaye, gobe a mayar da shi bakin ɗakuna jama'a su koma tsakiya. Mai shirya wasa sai ya san inda zai sa fitila da inda zai bar duhu, ya san kusurwar da kiɗa zai ɓullo don kowa ya waiwaya tare. Ɗan wasa kuwa ba shi da maɓoya, domin ido na kansa gaba da baya. In wani ya jefo magana daga cikin taro, dole ya cafe ta, ya saƙa ta cikin labari ba tare da zaren ya tsinke ba. Wannan shi ne mafi wuya, kuma a nan ake gane gwani.

A 1977 malamai da ɗalibai suka kai Wasan Manoma ƙauyukan Soba. Sukan zauna da manoma su ji damuwarsu, su gina wasa a kai, a yi shi a dandali, sannan a tattauna. Daga baya suka ɗauki salon Augusto Boal na Brazil, inda ɗan kallo kan tsayar da wasa ya shiga ya gwada tasa mafitar.

Mutumin Bici da ya taso yana amsa wa 'yan tashe daga goma ga azumi ya riga ya san tushen abin. Matasan da ke da waya, lasifika da ƙaramin majigi mai aiki da hasken rana suna da kayan farawa. Sai su fara koyon sarrafa fili da karantar taro, domin na'ura ba ta koya wa kowa wannan.