Jinjina ga Mai Fassarar Benci

A gidajen kallo na cikin birnin Zazzau, daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, akwai ma'aikacin da ba a biyansa ko sisi: matashin nan mai jin Turanci da ke zama tsakiyar benci yana fassara wa jama'a fim. Fim irin Phone Booth na Joel Schumacher, wanda ya fito a 2002, shi ke bayyana darajarsa. Colin Farrell ya maƙale cikin rumfar wayar tarho a New York, maharbin da ba a gani ya saita shi da bindiga, in ya ajiye waya ya mutu. Babu tseren mota, babu dambe. Duk fargabar tana cikin magana. Wanda bai ji maganar ba, mutum kawai zai gani riƙe da waya yana zufa. Mai fassara ne ke sa ɗaki ya yi tsit, sannan a ɓarke da salati lokacin da aka tilasta wa mutumin tona asirin kansa gaban matarsa.

Masu suka na cewa yana ƙara gishiri, kuma surutunsa na kashe shirun da darakta ya gina. Ƙarin gishirin kam gaskiya ne, wani har sunan unguwa yake laƙa wa maharbin. Amma shiru ba ya tsorata wanda bai san abin da ake tsoro ba, kuma gwani ya san inda zai kama bakinsa: da jan ɗigon bindiga ya sauka a ƙirjin Farrell, ba ya cewa uffan. Wannan sana'ar ce masu fassarar finafinan Indiya irin su Algaita suka shigar situdiyo, suka mayar da ita kasuwa.