Littafin Da Ya Kamata A Ba Mai Barin Makaranta

Ya ku 'yan makaranta, musamman ku na ƙasar Jahun da ke shirin fita bana, ga wata magana da ta shafe ku. Kowace shekara in damina ta kankama, a kan tara iyaye da manyan gari a filin makaranta, Hedimasta ya yi jawabi, sa'an nan a kira waɗanda suka yi zarra ɗaya ɗaya a miƙa musu kyauta. Wanda ya ci lissafi a ba shi littafin lissafi, wanda ya ci Turanci a ba shi ƙamus. Madalla da wannan. Amma wani malami ya tambaye ni, in ana so a ba dukan masu fita littafi iri ɗaya, da na farkon aji da na kashin baya, wane ne ya cancanta? Na daɗe ina juya tambayar nan, ga kuwa abin da na gani.

A Amurka an taɓa yin irin wannan. Cikin shekarar 2013 aka gayyaci wani marubuci, George Saunders, ya yi wa masu fita daga Jami'ar Syracuse jawabi. Maimakon ya koya musu dabarun neman arziki, sai ya ba su labarin wata yarinya baƙuwa da aka kawo ajinsu tun suna yara, ana ta yi mata ba'a. Shi bai zage ta ba, amma bai tsaya mata yadda ya kamata ba, har iyayenta suka tashi daga unguwar. Ya nuna musu cewa wannan sakaci ya fi damunsa bisa sauran kurakuransa. A 2014 aka buga jawabin ya zama ɗan littafi, mutane suka riƙa saya suna ba masu gama karatu. Dabarar ta yi kyau. Amma ɗan Jahun ba ya bukatar a ƙetare teku a nemo masa, gama muna da namu cikin harshenmu, watau Shaihu Umar.

Ga asalinsa. A 1933 Rupert East, shugaban ofishin fassara na Zariya, ya sa gasar rubuta labarai da Hausa. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da wannan Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. Mai shi kuwa saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bai daɗe da fita daga Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Midil ta Bauci. Shi ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya har zuwa rasuwarsa a watan Janairu na 1966. Ku lura, mai barin makaranta ne kamarku ya rubuta shi.

Labarin a taƙaice shi ne, wani babban malami a Rauta, kusa da Bauci, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya zauna ya warware musu. An haife shi a Kagara, maraya ne. Uwarsa ta auri Makau, bafaden sarki, mutum mai gaskiya, amma mahassada suka ƙulla masa sharri aka kore shi daga gari, ya koma Maƙarfi. Kafin uwar ta bi shi sai aka sace yaron. Daga hannu zuwa hannu ya faɗa ga Gumuzu mai kamun bayi, aka kawo shi Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya tafi da shi ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar ta fita nemansa, wani macuci a Kano ya yaudare ta, ita ma aka sayar da ita, aka ƙetare hamada da ita. Sai bayan shekaru masu yawa suka haɗu a Tarabulus, ba ta daɗe ba ta rasu.

To, me ya sa na zaɓi labari mai baƙin ciki haka don ranar murna? Dalilina shi ne, littafin bai yi wa yaro ƙarya ba. Mun saba cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, gaskiya ne kuwa. Amma yawancin labaran da a ke rubuta wa yara su kan mai da karin maganar nan ciniki: yaro ya taimaki tsohuwa da safe, kafin azahar ta ba shi tukunyar zinariya. Wanda aka rena da irin wannan, ran da ya yi alheri aka rama masa da tsiya, sai ya ce an cuce shi, ya rufe hannunsa. A cikin Shaihu Umar, Makau ya yi gaskiya aka kore shi. Uwar nan ta yi abin da kowace uwa ta gari za ta yi, sakamakonta a duniya bauta ce da mutuwa a baƙon wuri. Malam Abubakar bai share mana hawaye da arha ba. Duk da haka, in ka rufe littafin, ba ka da shakkar wanda ka ke so ka zama, Makau ko waɗanda suka kai shi ƙara.

Abu na biyu, ku ƙirga hannuwan da suka raya yaron nan. Bayan an sace shi, talakawan ƙauye ne suka tsince shi suka ciyar da shi, ba su san uwarsa ba balle su jira godiya. Mutanen Maƙarfi suka karɓi Makau, baƙo korarre. Malamin Masar ya koyar da yaron da ya zo daga wata uwa duniya. Ilmin da Shaihu ya zauna yana rabawa a Rauta, ashe tarin alherin mutane ne da yawa, waɗansu ko sunansu bai riƙe ba. Ɗa na kowa ne, in ji mutanen da. Kowane ɗayanku ya yi wannan lissafi a kansa: wa ya yi noman da aka saya masa allo da tawada, wa ya ɗebo ruwa ran da ya ke karatun jarrabawa?

Abu na uku shi ne wanda ya fi wuya, shi ne kuma na fi so ku tsaya a kai. Abdulkarim mutumin kirki ne ko kuwa? Ya ƙaunaci Umar, ya ilmantar da shi, ba wanda zai musa. Amma me ya kawo shi Kano? Fatauci ne, har da na bayi. Ya tsamo yaro guda daga cikin garke ya rungume, sauran kuwa suka bi hanyar da uwar Umar ta bi. Wannan alheri ne mai shinge, yana tsayawa a kan wanda ido ya so. A nan ne na ke ganin littafin ya gaza kaɗan, domin mai rubutun bai tsaya ya auna mutumin nan ba, ya bar shi cikin yabo. Har wa yau, Shaihu kansa ya cika sanyi. Abubuwa su ke samunsa, shi ba ya sa komi ya faru, kyawawan halayensa kuwa an fi faɗa mana su bisa a nuna mana. Ƙarshen labarin ma an yi shi da gaggawa, guguwar rairayi ta binne ayari, shi kaɗai ya tsira, sai ga shi a Rauta. Amma ko gazawar nan tana da amfani ga mai hankali, gama ta bar muku tambayar ku amsa da kanku.

Tambayar kuwa tana jiranku a ƙofar gida. Da yawa cikinku za su zama akawuna, da malamai, da ma'aikatan asibiti, da masu rabon taki da iri. Jarrabawar mai ilmi ba ta wuce ta Abdulkarim: ya kyautata wa ɗan ɗakinsa, ya bar baƙauye a tsaye cikin rana da takarda a hannu. Kun san yadda Kogin Haɗejiya ya ke, shi ne arzikin fadamarmu, da shinkafa da kifi, shi ne kuma ke cin gonaki da gidaje in ya yi fushi, kamar yadda ya faru a jihar Jigawa a 2022. Ran da aka ba ɗayanku alƙalami ya rubuta sunayen waɗanda za a ba taimako, a ran nan za a san ko ya karanta littafin nan. Kun kuma san babban asibitin Jahun, inda tun 2008 ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta shiga aikin karɓar haihuwa da ɗinkin mata masu yoyon fitsari. Da yawa cikin matan nan, kafin su iso, sun sha ƙyama daga waɗanda ya kamata su riƙe su. Ɗinki aikin likita ne. Gaisuwa da sakin fuska da nuna hanya kuwa, ko yaron da ya zo na ƙarshe a aji ya iya.

Saboda haka shawarata ga malamai ita ce, a ba kowane mai fita Shaihu Umar, ba don ya ci wani abu ba. Littafi ne ƙarami, ana iya gama shi cikin dare biyu, Hausarsa kuwa mai sauƙi ce, ba kumbura. Malami ya rubuta sunan yaron da hannunsa a shafin farko. Ku kuma in kun karɓa, kada ku jefa shi ƙasan adaka gara ta ci. Ku karanta shi yanzu don daɗin labari, ku karanta wa iyayenku mata da dare, sa'an nan ku sake buɗe shi ran da aka fara ce muku ranka ya daɗe. Allah ya sa ilminku ya amfani wanda kuka sani da wanda ba ku sani ba, amin.