Labarin Yaƙin Basasa: Wa Zai Ba da Namu?

Yawancin matasan Nijeriya da suka san wani abu game da yaƙin basasa ba a aji suka koye shi ba. Wani a littafin ƙagaggen labari ya tsince shi, wani a fim, wani kuma a hirar da aka yi da wata tsohuwa aka ɗora a intanet. Wannan salo na koyon tarihi ta hanyar labari yana ƙara ƙarfi, musamman tun 2020 da aka cika shekara 50 da gama yaƙin. Akwai malaman tarihi da abin yake ci wa tuwo a ƙwarya, suna ganin an miƙa tarihi ga masu ƙirƙira. Ni kam ina goyon bayan salon. Abin da ke damuna shi ne, ana ta ba da labarin nan, mu Hausawa kuwa mun koma 'yan kallo.

Ba laifin matasan ba ne. Wajen shekarar 2009 aka cire tarihi daga jerin darussan firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da maido da shi. Ko waɗanda suka yi sa'ar karanta shi, abin da suka fita da shi ranaku ne: ranar 30 ga Mayu 1967 Ojukwu ya ayyana ƙasar Biyafara, ranar 6 ga Yuli aka fara harbi, ranar 15 ga Janairu 1970 Philip Effiong na ɓangaren Biyafara ya miƙa wuya ga Gowon a Legas. Wata 30 ke nan. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan uku, mafi yawansu yunwa ce ta kashe su. Ɗalibi zai haddace wannan ya ci jarrabawa, ya tashi bai san yadda uwa ke zaɓar wanda za ta ba lomar ƙarshe a cikin 'ya'yanta ba. Zai karanta cewa sojojin Nijeriya sun tashi daga kimanin 10,000 zuwa kusan 250,000 a lokacin yaƙin, amma ba zai tambayi su wane ne waɗannan da aka ƙara ba. Manoma ne da 'yan dako da yaran mota da 'yan makaranta, da yawansu daga garuruwanmu, aka yi musu horon makonni aka tura su bakin daga.

A nan labari yake yin aikin da jadawalin ranaku ba ya iya yi. Littafin Chimamanda Ngozi Adichie, Half of a Yellow Sun, wanda ya fito a 2006, ya koya wa mutane da yawa wannan yaƙi fiye da kowane littafin makaranta. An haifi marubuciyar shekara bakwai bayan gama yaƙin, daga bakin iyayenta da danginta ta tattaro kayan aikinta, kuma kakanninta maza biyu a lokacin yaƙin suka rasu. Mai karatu Bahaushe zai ji zafi idan ya zo wurin da ta kawo kashe-kashen Kano na 1966, a Sabon Gari da filin jirgin sama. Na ji zafin ni ma. Amma a wannan wurin ne kuma ta kawo Muhammad, Bahaushen da ya ɓoye kamannin jarumar littafin ya kai ta tashar jirgin ƙasa ya tserar da ita, alhali wani maƙwabcin danginta yana cikin masu kisan. Ga mutum biyu a gari ɗaya, rana ɗaya, yare ɗaya, kowa da abin da ya zaɓa. Littafin makaranta zai ce maka "an yi tarzoma a Arewa" ya wuce. Labari kuwa ba zai bar ka ka wuce ba sai ka tambayi kanka wanne daga cikin biyun za ka zama. Da aka mayar da littafin fim a 2013, hukumar tace finafinai ta ƙasa ta jinkirta nuna shi a Nijeriya na tsawon watanni a 2014, abin da ya nuna cewa hukuma ma ta san ƙarfin labari.

Wanda ya fi ratsa ni shi ne Sozaboy na Ken Saro-Wiwa, na 1985. Labarin wani yaron mota ne da ya shiga soja saboda sha'awar kaki da son burge budurwa, ya tsinci kansa yana yi wa wannan ɓangare yaƙi yau, gobe wancan, har aka gama bai gane abin da ake yaƙin a kai ba. An rubuta shi da gurɓataccen Turanci irin na talakan da bai yi nisa a boko ba. Duk wanda ya taɓa zama da tsohon kurtu daga Arewa zai gane wannan yaro, ko da yake daga yankin Neja Dalta yake. Shi kuma Elechi Amadi, a Sunset in Biafra na 1973, ya ba da labarin yadda hukumomin Biyafara suka tsare shi, ya nuna halin da ƙananan ƙabilun Gabas suka shiga tsakanin wuta biyu. Kowane ɗaya daga cikin littattafan nan yana gyara wa ɗan'uwansa zama.

Sai maganar Asaba. A watan Oktoba 1967, bayan sojojin tarayya na runduna ta biyu sun shiga garin, mutane suka fito cikin fararen tufafi don nuna goyon baya ga Nijeriya ɗaya. Aka ware maza da samari aka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. An shafe shekaru abin ba ya cikin tarihin da hukuma ke bayarwa. Ya rayu ne a bakin matan da suka binne mazajensu da 'ya'yansu. Emma Okocha, wanda aka kashe mahaifinsa a wurin, ya rubuta littafi a kai a 1994, daga baya wasu masana biyu daga Amurka, Elizabeth Bird da Fraser Ottanelli, suka bi waɗanda suka tsira suka naɗi bayanansu, suka fitar da littafi a 2017. Da a ce an jira takardun gwamnati, da har yau ana musun faruwar abin.

Masu suka suna cewa labari yana da mai shi, kowa gefensa yake gyarawa. Gaskiya ne. Da Chinua Achebe ya fitar da There Was a Country a 2012, an yi ta cacar baki a kan abin da ya ce game da Awolowo da manufar hana abinci shiga Biyafara. Amma littattafan manyan hafsoshi fa? Obasanjo ya rubuta My Command a 1980, Godwin Alabi-Isama, wanda suka yi aiki a runduna ɗaya, ya fito da nasa ƙaton littafin a 2013 yana musanta abubuwa da dama da ke ciki. Su ma labari suke bayarwa, kowa yana kare sunansa. Maganin son kai a labari shi ne a yawaita masu bayarwa, sannan masanin tarihi ya zo ya auna, ya gwada wannan da wancan, ya duba jaridun lokacin da takardun ajiya. Aikinsa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi.

To, ina namu?

Kowane yaro a ƙasar Hausa ya san daren juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. Ya san an kashe Sardauna a gidansa na Kaduna tare da matarsa Hafsatu, an kashe Tafawa Ɓalewa, an kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Abogo Largema da Yakubu Pam. Wannan labari mun iya ba da shi, kuma ya cancanci a riƙa ba da shi, domin rashi ne da Arewa ba ta manta ba. Amma daga nan sai labarinmu ya yi tsalle. Ba ma tsayawa a watan Mayu 1966, ko Satumba da Oktoba, lokacin da aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a Kano da Kaduna da Zariya da Jos da sauran garuruwa, mutanen da ba su san hawa ba su san sauka ba a kan juyin mulki. Ba ma ba da labarin Hausawan da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu, ko waɗanda suka riƙe amanar gidaje da kuɗin haya har masu su suka dawo bayan 1970. Hatta Hausawan da ke zaune a Gabas, waɗanda aka kashe wasu aka koro sauran suka baro dukiyarsu, ba mu rubuta labarinsu ba. Mun yi shiru a kan laifinmu, shirun kuma ya haɗiye har alherinmu da asararmu.

Abin da ya rage mana na lokacin yaƙin yawanci waƙa ce. Ɗan Maraya Jos da wasu mawaƙa sun yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa gwiwa, marubuta waƙa su ma sun yi nasu. Waɗannan kayan tarihi ne masu daraja, amma an yi su ne ana tsakiyar yaƙi, don a zaburar da soja. Ba aikinsu ba ne su faɗi abin da ya faru da samarin da suka nutse a kogin Kwara a watan Oktoba 1967, lokacin da rundunar Murtala Muhammad ta yi ta yunƙurin ƙetarawa daga Asaba zuwa Anaca ana mayar da ita, ko waɗanda suka ƙone a kwanton ɓaunar Abagana a watan Maris 1968. Da yawa daga cikinsu 'ya'yan Arewa ne, kuma akwai iyayen da har suka mutu ba su san inda aka binne 'ya'yansu ba. A cikin ɗimbin littattafan Hausa da aka buga tun daga shekarun 1980, da finafinan da Kannywood ke fitarwa ba ƙaƙƙautawa, da wuya ka sami wanda ya ɗauki yaƙin nan ya zauna a kansa.

Akwai wani tsohon soja a unguwarmu da ya ƙare rayuwarsa yana gadi. Idan hira ta yi daɗi ya taɓo yaƙin, ba ya maganar Gowon ko Ojukwu. Maganar ruwan sama yake yi, wanda ba ya ɗaukewa, da takalmin da ba ya bushewa har ƙafa ta ruɓe. Yakan faɗi yadda suka shiga wani ƙauye suka tarar da yara masu kumburarren ciki da jan gashi, ya ba wani abincinsa, yaron ya kasa haɗiya. Yakan faɗi abokinsa da suka rufe a rami babu wanka babu likkafani, da yadda ya kasa zuwa garinsu ya gaya wa mahaifiyarsa. Na taɓa ce masa, "Baba, ku da kuka ci yaƙin, me ya sa ba ku son zancensa?" Sai ya ce, "Ɗana, wanda ya ga abin da muka gani ba ya cewa ya ci." Ya rasu babu wanda ya naɗi muryarsa. Irinsa suna nan a kowace unguwa, ana tuna su ranar 15 ga Janairu a ajiye furanni a yi fareti, su koma gida da labarinsu a ciki.

Wasu za su ce wannan tone-tone ne, a bar kaza cikin gashinta. Na fahimci tsoronsu. Gowon ya yi hikima da ya ce babu wanda ya yi nasara kuma babu wanda aka ci da yaƙi, an kuma kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 don matasa su san juna. Amma shirun da ya biyo baya bai warkar da kowa ba. Ku leƙa Facebook duk lokacin da wata rigima ta taso tsakanin Arewa da Kudu maso Gabas. Samarin da ko iyayensu ba su ga yaƙin ba suna yi wa juna barazanar maimaita shi, kowa riƙe da rabin labari, wani lokaci da hotunan wata ƙasa daban. Ban taɓa jin mutumin da ya je bakin daga yana irin wannan cika baki ba. Wanda ya zauna ya saurari tsohon soja na sa'a guda, ko ya saurari wata tsohuwa daga Owerri tana faɗin yadda suka ci ƙadangare da ganyen rogo, zai yi wuya ya sake kiran yaƙi da wasa.

Kayan aiki ba su gagare mu ba. Muna da gidajen rediyo a Kano da Kaduna da Sakkwato waɗanda miliyoyi ke saurare, muna da marubuta da masu shirya fim, muna da Gidan Arewa a Kaduna da sassan tarihi da na Hausa a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, inda za a iya adana abin da aka tattara. Sharaɗi dai shi ne a yi abin da gaskiya. A nemi yardar mai magana, a rubuta sunan gari da shekara, a bar shi ya faɗi abin kunya da abin alfahari duka, kada a mayar da hirar kirari. A tambayi mata su ma: matan bariki, da waɗanda aka yi musu aure ango ya tafi bai dawo ba, da matan Ibo da sojoji suka auro suka zama kakanni a gidajenmu. A kuma fassara littattafan ɗaya ɓangaren zuwa Hausa, domin wanda ba ya jin Turanci shi ma ya ji abin da ya sami mutanen can.

Saurayin da ya shiga soja yana da shekara 20 a 1967, yau yana bakin 80. Ya kai mai karatu, idan akwai ɗan mazan jiya a gidanku ko a unguwarku, ka je ka gaishe shi a makon nan, ka nemi izininsa, ka kunna wayarka ka ce, "Baba, a ina aka ɗauke ku soja?"