Gaskiyar Mawaƙi da Gaskiyar Waƙa: Jigon Taɓin Hankali a Gambarar Amurka

Masu sauraron gambarar zamani ta baƙaƙen fatar Amurka, wadda ake kira raf, suna da ma'auni guda da suke auna mawaƙi da shi, wato ko abin da ya faɗa ya same shi da gaske. Wannan maƙala za ta gwada ma'aunin a kan waƙa ɗaya, domin a ga inda ya gaza.

A shekarar 1991 ƙungiyar Geto Boys ta birnin Huston ta fitar da waƙar "Mind Playing Tricks on Me". Jigonta shi ne firgici da waswasi irin na mutumin da ya tashi cikin tashin hankali har ya daina bambance ido biyu da mafarki. Scarface, wanda ya tsara mafi yawan baitocinta, ya taɓa kwanciya a asibitin masu taɓin hankali yana matashi, kamar yadda ya bayyana a tarihin rayuwarsa na 2015. Ke nan ta wannan fuska ma'aunin ya yi daidai.

Sai dai baitin ƙarshe, inda mai magana yake dukan wani ƙato da dare, daga baya ya farga ashe daɓen titi yake naushi, Bushwick Bill ne ya rera shi, alhali Scarface ne ya tsara. To, gaskiyar wa ke nan? Baitin bai rasa ƙarfinsa ba don ya fito daga bakin wani. Ƙarfin nasa yana cikin zubi da tsari: an bar mai sauraro ya gaskata abin da mai magana yake gani, sannan aka zare masa tabarma, ya ɗanɗana ruɗewar da kansa.

Illar ma'aunin ta fito fili a bangon faifan da waƙar take ciki. A wannan shekara harsashi ya sami Bushwick Bill a ido, aka ɗauki hotonsa a gadon asibiti, aka buga a bangon. Daga baya shi kansa ya nuna nadama. Hoton bai ƙara wa baiti ko ɗaya armashi ba, illa dai ya mayar da ciwon mutum hajar talla.

Illa ta biyu ta fi wannan muni. Idan aka ce duk abin da mawaƙi ya furta labarin kansa ne, to waƙa ta zama iƙirarin laifi. A 2023 wani alƙali a Atlanta ya amince a gabatar da baitocin Young Thug a matsayin hujja a shari'arsa, ko da yake tun 2022 jihar Kalifoniya ta kafa dokar taƙaita irin wannan. Manazarcin adabin baka ya san cewa ba a hukunta ɗan tauri da abin da ya faɗa a kirari.

Saboda haka abin da ya kamaci mai nazari ya tambaya shi ne, shin waƙar ta nuna tashin hankali tare da abin da yake bari a zuciyar mai yinsa, kamar rashin barci da tsoro da kaɗaici, ko kuwa ta tsaya ga bugun ƙirji kawai? Da wannan ma'auni waƙar 1991 ta cika sharaɗin gaskiya, ko da ba a san tarihin ko ɗaya daga cikin mawaƙanta ba.