Lissafin ranaku 260 na mutanen Aztek

Kalandar da ta fi tasiri a rayuwar mutanen Aztek na ƙasar Meziko ba ruwanta da damina ko rani. Sunanta tonalpohualli, kwanakinta 260 ne. Alamomi 20 ake jerawa, su kada, iska, gida, maciji, mutuwa, zomo, har zuwa fure, ana haɗa su da lambobi 1 zuwa 13. Idan lamba ta kai 13 sai ta koma 1, alamomi kuwa su ci gaba da tafiyarsu, har sai kowace alama ta gamu da kowace lamba.

Akwai kuma shekarar noma mai kwana 365. Lissafin biyu ba sa komawa mafarinsu tare sai bayan shekara 52, lokacin da ake kashe duk wutar gari a kunna sabuwa a kan tudun Huixachtlan. An yi na ƙarshe a 1507, zamanin Sarki Moctezuma na Biyu.

Amma ainihin aikin lissafin kwana 260 a ɗakin mai jego yake. Da an haihu, iyaye su nufi wurin masanin ranaku, ya buɗe littafinsa na takardar ɓawon itace mai naɗewa, cike da zanen alloli, ya duba ranar. Wanda ya zo duniya ran Zomo 2, an ce mashayi zai zama, giyar pulque za ta cinye shi. Fatake kuwa ran Maciji 1 suke son kama hanya. Da mutum ya ji haka sai ya ɗauka ƙaddara ce da ba ta da makawa, alhali ba haka masanin yake aiki ba. Idan ranar haihuwa ta yi muni, yakan ɗage wankan jariri da raɗin suna zuwa rana mai kyau a kusa, yaro ya samu rabo daga albarkarta. Haka nan mai ranar sa'a, in ya yi sakaci da azumi da hadaya, sa'ar ta kuɓuce masa. A ganina nan ƙarfin tsarin yake: yana tsoratarwa, yana kuma sayar da mafita, kuma ba kyauta ake duban ba.

Limamin Kirista Bernardino de Sahagún, wanda ya tattara yawancin bayanan nan daga bakin dattawan Aztek, ya dage cewa wannan tsafi ne, bai cancanci sunan kalanda ba, tunda bai dogara da tafiyar rana ko wata ba. Ta fuskar taurari yana da hujja, sai dai ya raina amfaninsa wajen tsara aure, fatauci da yaƙi.

Tenochtitlan, babban birnin Aztek, ya faɗa hannun Sifaniyawa ran 13 ga Agusta 1521, aka ƙone littattafan duba da dama. Kaɗan sun tsira, kamar Codex Borbonicus da ke Paris. A tsaunukan Guatemala kuwa, masanan ranaku na ƙabilar K'iche' a garin Momostenango har gobe suna ƙirga irin nasu kwana 260 ɗin.