Zoben Roba da Hasken Masunci

Su na rana, irin wanda ake kallo a Matan Fada lokacin bikin Argungu da aka faro a 1934, homa da gora sun wadace shi. Na dare kuwa sai da haske. Wanda ya kafa mamari, wato doguwar igiyar nan mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, tun duhun asuba yake tura kwalekwale ya bi ta, tocila ɗaure a goshi, hannu biyu suna aiki. Tocilar na mutuwa, sai lalube tsakanin ƙugiya da ƙayar kurungu.

Shi ya sa ƙwararren Bakabe ba ya kwanciya sai ya sallami tocilarsa. Yakan fara ɗauraye ta da ruwa mai tsabta tana rufe, don lakar gulbin Rima ta fita daga zaren murfi. Ya goge, ya ajiye a inuwa, domin rana tana busar da roba har ta tsage. Sai ta bushe sarai zai kwance gindinta.

A nan asirin yake: wani siririn zoben roba da ke kwance a wuyan murfin, shi kaɗai ke tare ruwa. Ba ya sa masa wuƙa ko tsinke. Matsa shi yake da yatsu biyu har ya ɗago, ya zare, ya riƙa murza shi a hankali yana neman abin da ido ba ya gani. Ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. Ya share kwarmin da zoben ke zama da auduga, ya shafa maiƙo ɗan kaɗan, daidai yadda zoben zai yi sheƙi, don idan ya yi yawa ƙurar hunturu yake kamawa. Man silikon ne ya dace. Basilin yana kumbura wasu robobin.

Sannan gwaji. Ya cire batir, ya cusa busasshiyar auduga, ya murɗa, ya danne tocilar da dutse a bokitin ruwa. Audugar ce shaida. Rubutun kwali ba ya ruɗinsa: IPX7 nufinsa mita 1 na minti 30, wato ta mai tuƙi ce da za ta sha feshi ko ta faɗa ruwa a tsamo. Mai nutso yana buƙatar wadda ta fi haka, tunda a zurfin mita 10 matsin da ke danne zoben ya ninka na bakin gaɓa.

Malalaci yakan bar batir a ciki tun daga damina har ya yi tsatsa ya cinye ƙarfen, ya dawo yana zagin ɗan kasuwar Birnin Kebbi. Gwani kuwa cire shi yake duk ranar da ba fita, ya kankare farin garin da ke taruwa a bakin ƙarfe, ya ɗaura wa tocilar igiya da ƙaramar gora, ko ta suɓuce ba za ta nutse ba.